Motsa Jiki a Ƙasar Kawu Bawa

Tun da na dawo daga Ƙauran Namoda ban sha shayi da zafinsa ba a teburin Ilu mai shayi. Da na zauna sai wani ya ce, "Malam Usman, yaya ka baro Zamfarawa?" Kafin in kai tsakiya wani ya iso, a ce in koma farko. Abin har ya kai matata tana gyara mini labarin in na yi tuntuɓe, alhali ba da ita aka je ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ji da kofina.

Ga abin da ya kai ni. Ni malami ne a makarantar koyon aikin lafiya a nan Zariya. Hukumomin lafiya na jihar Zamfara suna son fito da tsari a kan cin abinci da motsa jiki, don sun lura ciwon suga da hawan jini sun fara yawa a cikin 'yan kasuwa da direbobi. Kafin su rubuta komai sai suka nemi a ba su aron mutanen da za su zaga garuruwa su yi wa jama'a bayani, su kuma ji ta bakinsu. Ni aka ba ni Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, saboda an san mahaifiyata 'yar Ƙaura ce. Ba wanda ya tambaye ni rabona da garin. Rabona da shi kuwa tun ana goya ni.

Aiki na biyu mahaifiyata ce ta ba ni, ranar da na je sallama. Ta ce, "Ka duba mini Bawa." Bawa ƙanenta ne, Alhaji Bawa, babban mai sayen hatsi a kasuwar Ƙaura, mai manyan motoci. Ta ji an ce ciwon suga ya kama shi, kuma ba ya jin maganar kowa.

Jirgin ƙasa na bi, ta Funtuwa da Gusau, a ƙarshen damina. Jirgin ya tashi a makare, ba kuma wanda ya nuna mamaki. Kusa da ni wata tsohuwa ce da ƙullin kaya a cinya, ta tambaye ni sana'ata. Na ce ina koya wa mutane su rage mai da suga ne. Ta dubi wuyana, ta dubi tsintsiyar hannuna, ta ce, "Allah shi ba ka lahiya, ɗana." Sai ta kwance ƙullin ta cika mini hannu da ƙosai. Kun dai san jikina, ba sai na faɗa ba. Na karɓa na cinye.

A Ƙaura layin dogo ya ƙare, saboda haka ko barci ya ɗauke ka ba ka da fargabar wuce tasha. Kawu yana jirana a cikin mota, an kawo ta dab da dandamali yadda daga matakalar jirgi kusan sai kujera. Shi kaɗai ya cinye fiye da rabin kujerar baya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Mani! Mi as same ka haka? Ko Zage-zagi ba su tuƙa tuwo?" A can ba a cika kiran sunan Usman gatsau ba, sai dai Shehu ko Mani, don haka duk zamana ni Mani ne. Tsakanin tasha da gida sai da direbansa Garba ya tsaya Kawu ya zaga bayan wani kango, da ya dawo kuma ya ɗaga butar ruwa ya shanye.

Abincin da aka tarbe ni da shi, in na lissafa za ku ce ƙari na yi. Tuwon shinkafa da miya wadda man shanu ya kwanta a kanta, ga kaji, ga fura, wadda su suke kira hura, an zuba mata suga da ludayi, ga lemon kwalba jere a gefen tabarma. Na zura wa Kawu ido yana ci. Ci yake yi na tsakani da Allah.

Da safe matarsa, Hajiya Kulu, ta sa aka kira ni cikin gida. Bayan gaisuwa ta rage murya ta ce, "Mani, likita na Gusau ya hwaɗa mai gaban idona. In bai rage ci ba, bai riƙa tahiya da ƙahwa ba, idanunai za su tahi. Ya hwara gani dishi-dishi, ɓoyewa shikai. Ni na yi magana hal na gaji."

Na sami Kawu a zaure na tayar da maganar a hankali. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Na gwada, Mani. Ran nan nih hito da sahe, nic ce bari in taka zuwa kasuwa. Ban kai bakin titi ba mota tat tsaya. Alhaji, lahiya? Nic ce lahiya lau, motsa jiki nikai. Yad dube ni yac ce Allah shi sawwaƙe."

Sai a nan na tuna cewa in aka ce mutum ya motsu, kai ne ya taɓu. Mu ma a Zariya muna cewa motsattse, amma shekara da shekaru ina koyar da motsa jiki ban taɓa haɗa su ba.

Kawu ya ci gaba, "Kahin azahar magana ta rabu biyu cikin kasuwa. Wasu sunka ce na karye, na saida motoci. Wasu sunka ce iska ta. Da la'asar ga liman da rubutu cikin kwano. Makon nan duka manoma sunka riƙa kai hatsi rumhwar wani. Kai hwaɗa min, wa ka ba ramamme mai yawo da ƙahwa amanar hatsinai?"

Na so in yi dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Na ga mutanen da wannan ciwo ya cinye wa ido, na san ba ya sallama kafin ya shigo. Na faɗa masa haka. Ya ce Allah ke tsarewa, sannan ya ce shi da kansa zai zaga da ni garuruwan nan, don ɗan 'yar'uwarsa ba zai shiga motar haya a ƙasarsu ba.

A tashar motar Ƙaura na fara wa'azina. Direbobi suka taru a rumfa suka saurara da ladabi, Kawu yana gefena a kujerar babban baƙo, yana shan lemo tun daga bismilla har ƙarshe. Na ce a rage suga a shayi, a riƙa ɗan takawa da ƙafa. Wani direba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in munka taka da ƙahwa, wa ka tuƙa motar?" Na ce ba zuwa Legas nake nufi ba. Sarkin tasha ya yi mini godiya mai tsawo, ya ce lalle sun ƙaru, sannan ya sa aka kawo tsire mai kitse da ƙarin lemo don a karrama ni.

Daga nan sai Sakajiki. An tara mini manoma a gindin bishiya a filin makarantar firamare, wasunsu daga gona suke, fartanya a kafaɗa. Na buɗe hoton da aka ba ni daga ofis, na wani mutum da singileti ya ɗaga hannuwa sama, na yi bayani iya ƙoƙarina. Can wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Mun ji, mun gode. To wanga motsa jiki, yaushe za a raba shi? Kuma ta hannun hakimi zai hito ko ta hannun kansila?" Ashe sun ɗauka wani abu ne irin takin zamani. Da na ce ai abin da suke yi da fartanya kullum shi ne, sai ya juya ya dubi 'yan'uwansa ya ce, "Ashe mun daɗe muna yi ma gwamnati aiki ba mu sani ba."

Na naɗe hoton. Mutanen nan ba rage ci ne matsalarsu ba, sai muka koma maganar wake da gyaɗa da ƙwai, a riƙa ragewa yara maimakon a kai kasuwa duka. Wannan ta shige su, har aka yi gardama. Da za mu tashi aka kawo mana lemon kwalba, da ɗuminsa, an aika musamman an sayo saboda mu. Su kuwa suka zauna da furarsu ta gero ba ko ɗigon suga. A can suga ba abinci ba ne kawai, da shi ake nuna wa mutum an san girmansa. Kawu ya sha nasa, ya sha na Garba.

Zurmi kuwa a gidan Alhaji Ummaru muka sauka, abokin cinikin Kawu. Ashe da ya je Ƙaura bara Kawu rago ya yanka masa, shi kuma tun lokacin yake jiran ranar ramuwa. A Zariya in ka ce ka ƙoshi, aka matsa ka sake faɗa, an ƙyale ka. A Zurmi "na ƙoshi" kamar gaisuwa ce, amsarta a ƙaro kwano. Na ja Alhaji Ummaru gefe na raɗa masa cewa Kawu ba shi da lafiya. Ya kama baki ya ce, "Ashsha! Ka kyauta da kah hwaɗa min." Ya leƙa cikin gida ya ce a ƙara wa Alhaji Bawa kaza, ba shi jin daɗi. Ɗakin da aka ba ni na raba shi da buhunan albasa, har yau rigata ta Juma'a tana tuna mini da Zurmi.

Na yi bayanina a ƙofar asibitin garin, washegari Alhaji Ummaru ya ce ba a zuwa Zurmi a koma ba a leƙa iyaka ba. Muka bi ta Gurbin Ɓore, hanya duk rairayi, mota tana tafiya tana rawa. Iyakar da nake ta zullumi ashe sanda ce aka gitta a kan durom biyu. Wani jandarma, wato ɗan sandan Nijar, ya buɗe jakata ya ciro abin awon jini, ya juya shi ya ce, "Mushe," wato malam da Faransancinsu, "mine ne wanga?" Na ga bayani zai yi tsawo, sai na ɗaura masa a dantse na hura. Jininsa ya hau ƙwarai. Kafin in kwance, sauran sun yi layi suna naɗe hannun riga, har da matar da ke sayar da dogon burodin nan nasu mai tauri. Ba a sake tambayarmu takarda ba.

Ina cikin awo sai ga wani ƙato ya ɓullo a guje da gajeren wando, gumi sharkaf. Na duba bayansa ban ga mai korarsa ba. Aka ce ai shugabansu ne, kullum haka yake yi, sunan abin wai ispor. Mutanen wurin suna gaishe shi yana wucewa, ba wanda ya ko ɗaga gira. Na taɓa Kawu na ce ya gani. Ya bi shi da kallo ya ce, "Wanga soja na, Mani. Biyanai akai shi yi gudu. Ni jikoki gare ni."

Zuwa Shinkafi sai da muka dawo baya muka kama hanyar Moriki, muka isa ana gobe kasuwa. A gidan saukar baƙi muka kwana, inda akwai famfo ba ruwa, akwai fanka ba wuta, amma mai gadi yana sara wa mutum duk lokacin da ya gifta. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis take ci, kuma ban taɓa ganin irinta ba: raƙuma da shanu, shinkafa tsibi-tsibi, Buzaye da Yarbawa da mutanen Gabas kowa yana ciniki da Hausar da Allah ya hore masa. Na zauna da mata masu sayar da abinci na roƙe su su rage mai. Wata ta ce, "In na rage, maƙwabciyata ba ta ragewa. Ran nan kai ka zuwa ka saye shinkahwata?" Na ce zan kai maganarta gaba, kuma na kai.

A kasuwar nan ne abin ya faru. Kawu ya fito daga mota zai shiga rumfar masu hatsi, 'yar tazara kaɗan. Wani dattijo siriri mai farar riga ya miƙe daga kan benci, fuskarsa cike da murna, ya miƙo hannu. Kawu ya dube shi sosai, ya wuce. Dattijon ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya sauke shi a hankali, ya ɗauki sandarsa ya shige cikin mutane.

Garba ya matso ya ce, "Alhaji, Malam Labbo na hwa, na Galadi." Daga baya Garba ya gaya mini tare suka fara fatauci da Kawu a kan jakuna, tun ba su da gemu, kwano ɗaya suke ci. Kawu ya sa aka bi shi, ba a same shi ba. Ya bar cinikin ya koma mota ya zauna, na bi shi. Sannan ya ce, "Na ga mutum tsaye, Mani. Huskar ta ban gani ba." Ya buɗe tafin hannunsa, akwai 'yar dawa da ya ɗebo a rumfa, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya zubar ta taga. Ya ce, "Ni da ka gane hatsin bara daga nesa."

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Na zo da hotuna da abin awo da bakina, na zaga garuruwa ina surutu, ga ƙanen uwata ido yana tafiya a gabana ban iya sa shi ya taka daga nan zuwa can ba.

Da safe ya ce sai Galadi, ba zai koma Ƙaura da wannan a wuyansa ba. Gulbi ya cika, mota ta tsaya a baki, muka haye a kwalekwale, wanda ya nutsa sosai ta ɓangaren Kawu. A ƙetare aka samo amalanken shanu, aka shimfiɗa masa buhu ya hau, ni da Garba muka bi a baya.

Malam Labbo ya karɓe mu a zaurensa ba yabo ba fallasa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Kawu ya cire hula ya ajiye a gwiwa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ce, "Labbo, wallahi ban gane ka ba jiya. Idona na ka mutuwa."

Malam Labbo ya dube shi ya ce, "Ni na aza arziki na yar ruhe ma ido."

"A'a. Suga na."

"To da sauƙi," in ji Malam Labbo. "Shi wanga yana da likita."

Suka yi dariya su biyu, Kawu yana share ido da bakin riga. Aka kawo abinci: hoce, wato wata irin waina mai kauri ta garin dawa da ake gasawa, da miyar yakuwa wadda su suke kira sure, da kwaɗon zogale da ƙuliƙuli, da fura ba suga. Malam Labbo bai ba da haƙuri a kan abincin ba, bai kuma aika a sayo lemo ba. Kusan duk abin da nake ta wa'azi a kai ga shi a faifai ɗaya. A gida da Hajiya Kulu ta kawo masa irinsa da ya ce abincin yunwa ne, amma a nan Kawu ya ci yana ba da labarin yadda suke cusa hoce a aljihu in za su bi jakuna.

Da muka yi sallama aka nemi amalanke, aka ce ya tafi gona ɗauko gero. Malam Labbo ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu tahi in taka muku." Ya shige gaba. Mai gida yana tafe a ƙasa saboda kai, ba ka da bakin cewa a nemo maka abin hawa. Kawu ya dube ni, ya dubi hanya, ya bi shi.

A Zariya rakiya daga zaure zuwa bakin layi ce, in an ga dama. A can kuwa tsawon rakiya shi ne girman baƙo. Muka wuce gidaje, muka wuce rijiya, muka shiga gonaki. Kawu ya ce, "Labbo, ka koma haka nan." Ya ce, "Bari dai mu kai ga tsamiya." Muka kai tsamiya ya ce bari mu kai ga fadama. Kawu yana haki, rigarsa ta jiƙe, ya tsaya a wata gona wai yana duba yadda geron ya yi ido. Mutane suna ta wuce mu, masu jakuna da masu kekuna da mata da ƙwarya a ka, kowa ya ratse ya gaida dattawan nan biyu. Na kasa kunne ko zan ji wani ya ce, "Alhaji, lahiya?" Ba wanda ya ce. Kowa ya ga abin da ake yi, rakiya ce, ba ta bukatar bayani. Har bakin gulbi Malam Labbo ya kai mu, ya tsaya sai da kwalekwale ya kai tsakiya.

A mota na ce, "Kawu, yau ka yi tafiya mai nisa, ba wanda ya ce ka karye."

Ya ce, "Wagga ba tahiya ta ba. Rakiya ta."

Na ce, "To. Baƙi nawa ke zuwa zaurenka a wuni?"

Garba ya yi dariya ƙasa-ƙasa, Kawu ya ce masa ya dubi hanya.

Da muka koma Ƙaura na zauna na rubuta wa hukuma abin da na gani. Na ce manomi ba ya bukatar hoton mai singileti. Na ce maganar rage mai da suga, mai masauki za a yi wa ita, don baƙo ba shi da iko da kwanon da aka ajiye masa, kuma masu sayar da abinci sai an haɗa su gaba ɗaya. Na ce manyan mutane kuwa kada a ce musu motsa jiki, a ce su riƙa raka baƙinsu yadda iyayensu suka yi. Ko za su sa wannan a tsarinsu, ko za su ce malamin Zariya ya sha rana, ban sani ba. Kawu dai ya yarda Garba ya mayar da shi wurin likita a Gusau, ya kuma ce a daina jera masa lemo. Maganar tafiya ce bai sake tayarwa ba, ni ma ban matsa ba.

Ranar da jirgina zai tashi Garba ya kawo mota ƙofar gida ya sa jakata. Sai ga Kawu ya fito da sanda da takalmi sau-ciki. Ya ce wa Garba, "Wuce da kaya tasha. Ni ka raka ɗan 'yar'uwata." Na hangi labulen zaure ya motsa, na san Hajiya Kulu ce a bayansa.

Tashar jirgi tana can gefen gari. Ba mu kai bakin titi ba wata a-kori-kura ta ci burki. "Alhaji, lahiya?"

"Rakiya nikai."

"A'a, madalla! Baƙon babba na, ke nan." Direban ya dube ni da wani irin girmamawa da ban taɓa samu ba a aikin gwamnati, ya ja motarsa. Haka aka yi ta yi har tasha. A bakin kasuwa ma wasu suka taso suka ɗan taka mana, don kada a ce Alhaji Bawa ya yi babban baƙo ba su sa ƙafa ba. Kawu yana tafe yana haki, yana amsa gaisuwa, kansa a sama.

Muka iske jirgi yana shirin tashi. Garba ya miƙa mini jaka ta taga, ya koma ya buɗe wa Kawu ƙofar mota. Na leƙo don in yi sallama, sai na ga Kawu bai shiga ba. Yana tsaye da sandarsa, ya dubi motar, ya juya ya dubi hanyar da muka biyo.

Na ce, "Kawu, lafiya?"

Ya matso jikin taga ya rage murya. "Jikina ya yi daɗi, Mani. Da so samu na, da ƙahwata za ni koma. Amma in anka tambaye ni, wa za ni ce ina rakiya?"

Jirgi ya yi kuka. Na san wani ba zai tashi ba sai bayan kwanaki, na san kuma ana jirana a makaranta. Na miƙa wa Garba jakar ta tagar da ta shigo, na sauko.

Na ce, "Mu je, Kawu, in taka maka."

Jirgin ya tafi da kujerata. Muka juyo cikin gari, rana ta fara zafi. Wajen kasuwa wani mai rumfa ya ɗago ya ce, "Alhaji, ba ka kai baƙon ba?"

Kawu ya ce, "Na kai shi. Shi ka raka ni yanzu."

A bakin wata kwata ya laluba ya kama hannuna, don bai ga gefenta sosai ba. Muka tsallake. Bai sake hannun ba har ƙofar gida.